Yadda na shiga binciken mulkin mallakar Ingila da Faransa har na zama mai koyar da shi

Lokacin da na gama digirin farko a tarihi, abin da na sani a kan mulkin mallaka bai wuce wanda kowane ɗalibi yake haddacewa ya shiga jarrabawa da shi ba, wai Turawan Ingila ta hannun sarakuna suka yi mulki, su kuma Faransawa kai tsaye suka yi nasu suna so su mayar da baƙar fata Bafaranshe. Haka aka koya mana haka muka rubuta aka ba mu maki. To amma ni ɗan bakin iyakar Najeriya da Nijar ne, daga garinmu zuwa Maraɗi ya fi kusa nesa ba kusa ba a kan zuwa Kano, rabin dangin mahaifiyata ma a can suke, kuma abin da nake ji a bakin tsofaffi in ana hira sam baya shiga cikin waɗannan jimloli biyu. Wannan tsoho ya ce maka ubansa gudowa ya yi daga ƙasar Faransi saboda aikin dole, wancan kuma a unguwa ɗaya ya ce nasa uban can yake ƙetarawa da shanu duk lokacin da aka fara ƙidayar jangali a ƙasar Ingilishi, in an gama ya dawo. Wato talaka ya riga malaman jami'a kwatanta mulkin nan biyu, da ƙafarsa ya yi kwatancen, kuma wannan ne ya zame min aikin rayuwa.

Bayan bautar ƙasa aka ɗauke ni mataimakin malami a sashen da na gama, sharaɗin kuwa shi ne ka yi mastas cikin lokaci ko a sallame ka. Na zaɓi tarihin haraji a lardunan kan iyaka, shi ya fara kai ni ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Duk wanda zai yi aiki a kan Arewa lokacin Turawa sai ya bi ta nan, akwai takardun sakatariyar lardunan Arewa da ake wa laƙabi da SNP, akwai na kowane lardi daban, Sokprof na Sakkwato, Kanoprof na Kano, Katprof na Katsina, haka dai. Za ka duba kundin jerin fayil ka rubuta lamba a 'yar takarda ka miƙa ka zauna jira. Abin da ya fi kama ni shi ne rahotannin ƙiyasin haraji, inda ɗan saurayin Di'o zai hau doki ya zaga gunduma yana ƙirga maza da mata da shanu da jakuna da karofi da maƙera, komai sai ya sa masa kuɗi. Sannan na koyi abin da babu wanda ya faɗa min a aji, cewa sau da yawa naman fayil ba a cikin wasiƙar yake ba, yana gefen takarda ne inda Razdan ko sakatare ya yi 'yar rubutu da jan alƙalami yana gaya wa na ƙasa da shi ainihin abin da yake tunani. In na tashi da yamma sai in leƙa Arewa House, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, in karanta kundayen waɗanda suka riga mu.

A fayilolin nan kullum sai ka ci karo da maganar mutanen da suka shigo daga ƙasar Faransi ko suka fita zuwa can, amma labarin yana yankewa ne daidai kan iyaka, mutum ya ƙetara shikenan ya ɓace daga takarda. Da na je wa sufabaizana da furofozal ɗin digiri na uku cewa ina so in bi mutanen nan har can inda suka je, ya karanta ya ɗago ya ce, kai malam, kana jin Faransanci? Na ce ranka ya daɗe sai dai gaisuwa. Ya ce to ajiye wannan, je ka koyo tukuna, ba zan bari ka tsaya gaban semina kana maganar Faransawa da bakin Turawan Ingila ba. Wallahi ranar na ji nauyin abin, ga iyali ga ajin da nake koyarwa, amma gaskiya ya faɗa kuma har gobe ina masa addu'a a kai.

Na fara da ajin yamma a Alliance Française ta Kano, daga baya lokacin dogon hutu na tafi ƙauyen koyon Faransanci da ke Badagry. Faransancin da ake koya maka a aji na sayen burodi ne da tambayar hanya, wanda ke cikin fayil kuwa na sojan da ya zauna a zafin Tawa ko Damagaram a 1903 yana rubutu da hannu, da gajarce kalmomi irin nasu na ofis, ga sunayen garuruwanmu an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji, gari ɗaya sai ka same shi da rubutu kala uku. Abin da ya taimake ni shi ne na riƙa ɗaukar tsohon rahoto ina kwafe shi da hannuna layi layi har idona ya saba, da kuma sauraron rediyo kullum safiya ko na gane ko ban gane ba.

Da aka amince da furofozal na haɗa takardar gabatarwa daga jami'a na kama hanyar Yamai, ta Jibiya zuwa Ɗan Isa zuwa Maraɗi, daga nan doguwar tafiya a bas ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Sai ka nemi izinin bincike tukuna, ka samu malami a Jami'ar Abdu Mumuni ko a cibiyar binciken jami'ar da ake kira IRSH da zai tsaya maka, kuma a nan IRSH ɗin akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami wanda marigayi Bubu Hama ya yi ƙoƙari sosai wajen tarawa. A ma'ajiyar ƙasa ta Nijar na zauna da rahotannin siyasa na wata uku uku da rahotannin rangadin kwamandan, wato Baturen Faransa mai mulkin yanki, kuma a nan ne na ga mutanen da suka ɓace min a Kaduna, ga su nan ta ɗaya gefen. Kwamandan yana kuka ƙauyuka suna watsewa zuwa ƙasar Ingilishi saboda lanho, wato harajin Faransawa, da aikin hanya da ɗibar soja, yana roƙon na sama da shi a yi sassauci a kan iyaka kada ƙasa ta zama kango. Wato talakan da ake ɗauka ba shi da ta cewa, tafiyarsa kawai ta isa ta hana gwamna barci, don mulkin mallaka da kuɗin kan mutane yake tafiya, in babu kai babu haraji.

Ita kanta iyakar sai da na zauna na warware yadda aka yi ta, kuma ina ganin kowane Bahaushe ya kamata ya san wannan. A watan Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a taswira daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, alhali kusan babu wanda ya taɓa taka ƙasar a cikin masu sa hannun. A watan Yuni 1898 suka sake zama a Faris, aka ɗora kamfas a kan Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, duk abin da ya faɗa ciki na Ingila ne, daga nan layin ya ci gaba gabas, a wannan lissafin Ƙonni da Maraɗi da Tsibiri duk a hannun Ingila suke. Shi ya sa lokacin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine suka afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu 1899 suka yi kisan da har yau ba a manta ba, a takarda ƙasar da aka ba Ingila suka shiga. Faransawa suka ga layin ya bar su da hamada, babu hanya mai rijiyoyi da za su bi daga kogi zuwa Damagaram da suka ci a ƙarshen Yuli 1899, suka dinga neman gyara. Gyaran ya zo ne a yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904, wadda a cikinta Faransa ta haƙura da wani tsohon haƙƙinta a gaɓar kamun kifi ta Newfoundland can kusa da Kanada, Ingila kuma ta ba ta tsibiran Los na gaban Konakiri ta kuma matsa iyakar nan kudu. Aka ƙara daidaitawa a 1906, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suka kafa alamomi 148. Ranar da na haɗa wannan a kaina na daɗe zaune, dangin uwata suna karatun boko da Faransanci ni ina yi da Ingilishi, kuma cikin dalilan har da cinikin kifin wani teku da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba.

Yamai ba ta ishe ni ba, don gwamnan Nijar a ƙarƙashin babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa yake, wanda ke zaune a Dakar tun 1902, duk wani rahoto mai nauyi can yake tafiya, kuma da aka samu 'yanci takardun suka zauna a Senegal. Jerin 2G shi ne rahotannin lokaci lokaci, 11G kuma harkokin siyasar Nijar. Akwai kwafin da yawa daga cikinsu a maikurofim a birnin Aix na kudancin Faransa, inda ma'ajiyar takardun ƙasashen mallaka take tun 1966, tare da fayilolin ma'aikatar da ke Faris. Na Ingila kuma suna Kew a gefen Landan, CO 446 wasiƙun Arewacin Najeriya kenan tsakanin Gwamna Lugga da ofishin mulkin mallaka, sannan na ma'aikatar harkokin waje inda ake cinikin iyaka, takardun Lugga na ƙashin kansa kuma suna Oxford. Ka ga kenan tarihin ƙauye ɗaya na kan iyaka a warwatse yake a ƙasashe biyar.

Nan ne maganar kuɗi da biza ta shigo, kuma ba zan ɓoye ba ita ce ta fi karya gwiwar yawancinmu. Na nemi tallafin TETFund ta hannun jami'a, na nemi ƙananan tallafin bincike irin wanda cibiyar IFRA ta Ibadan take bayarwa, na haɗa da abin da na tara, har fili na sayar. Biza kuma sai takardar gayyata daga wani malami a can, da bayanan asusun banki, da shaidar wurin kwana, da takardar izinin tafiya daga wurin aiki, ka biya kuɗin da ba a mayarwa ko an ba ka ko an hana ka. Abin yana min ciwo har yanzu, ɗalibin Turai da ke son karanta tarihin Katsina jirgin ƙasa kawai zai hau ya je ya buɗe fayil, ni jikan mutanen da aka rubuta fayil ɗin a kansu sai na tabbatar wa wani cewa zan dawo gida kafin a bar ni in gani.

A Kew aiki yana da sauƙi in ka shiga, ka nuna shaidarka a yi maka katin mai karatu, ka sa lambar fayil a kwamfuta, ba da jimawa ba ka same shi a akwatin da ke ɗauke da lambar kujerarka, fensir kawai ake shiga da shi, kuma an yarda ka ɗauki hoto. Da yake kowane wuni kuɗi ne, ba na tsayawa dogon karatu, hoto kawai nake ɗauka tun buɗewa har rufewa, da dare in zauna in sa wa kowane hoto lambar fayil da shafi, don in ka bar wannan sai ka dawo gida to ka shiga uku, dubban hotuna ne ba ka san na wane fayil ba ne. Wannan shawara ce da nake ba kowane ɗalibi.

Shekarar da ta sauya min tunani gaba ɗaya ita ce 1906, kuma ba zan gan ta yadda take ba da a ɓangare ɗaya na tsaya. A ƙarshen 1905 an yi bore a Kobkitanda a yankin Doso a ƙasar Faransi, Faransawa suka murƙushe shi, wani malami da ake kira Ɗan Makaho ya tsallako ya zo Satiru kudu da Sakkwato kaɗan. A watan Fabrairu 1906 mutanen Satiru, talakawa da bayin da suka gudo, da fartanya da gatari da kwari da baka, suka karya rundunar da aka tura musu suka kashe Turawa uku da sojoji. A takardun Kaduna da Kew abin yana fitowa kamar rikicin lardin Sakkwato, a na Yamai da Dakar kuma kamar rikicin yankin Doso, sai ka ɗora su gefe da gefe za ka ga abu ɗaya ne, kuma za ka ga abokan gabar nan biyu da suka kusa gwabzawa a Fashoda ta ƙasar Sudan a 1898 suna musayar labarin sirri suna yi wa juna tayin taimako. Ranar 10 ga Maris aka shafe Satiru daga doron ƙasa, da taimakon masarautar Sakkwato, an kashe mutane kusan 2,000. Sai ka duba abin da ya biyo baya a wannan shekara ɗaya. Faransawa suka kama Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa da zargin ƙulla makirci suka kai shi Kwaddibuwa, sarautar ba ta dawo daidai ba sai 1923. To su kuma masu mulki ta hannun sarakuna fa? Sun tuɓe Sarkin Gwandu, sun kai wa Haɗeja yaƙi a watan Afrilu suka kashe sarki, sun tuɓe Sarkin Katsina Yero suka ɗora Muhammadu Dikko. Bayan shekara goma da Kawusan, jagoran Abzinawa, ya kewaye Agadas a ƙarshen 1916, Ingilishi sojoji suka tura daga Najeriya su taimaki Faransi. A Turai suna kishi, a ƙasarmu in talaka ya ɗaga kai bakinsu ɗaya.

Ba ina cewa babu bambanci ba fa, akwai, kuma mutane sun ji shi a jikinsu. A Arewacin Najeriya an bar wa sarki baitulmali da kotun alƙali da dogarai da gidan yari, En'e ta zama hukuma mai ƙarfi wadda wani lokacin talaka ya fi tsoronta a kan Bature. A Nijar kuwa sarkin kanto, wato sarkin gunduma, ma'aikacin kwamanda ne, aikinsa tara lanho da kawo 'yan aikin dole da samarin soja, kuma akwai dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba, ba a soke ta ba sai 1946, shekarar da aka soke aikin dole ta dokar da Houphouët-Boigny ya gabatar. Amma duk mai cewa Ingila ba ta yi aikin dole ba ya je ya karanta yadda aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, ko yadda aka ɗebi mutane dubun dubata aka kai su haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. Ni a ganina tambayar wane ne ya fi sauƙi ba ita ce ta fi muhimmanci ba, amsar tana sauyawa daga shekara zuwa shekara daga gunduma zuwa gunduma, kuma mutanen iyaka sun san haka shi ya sa suke bin inda ya fi dama dama.

Takarda kuma komai yawanta muryar mai mulki ce, dole na shiga ƙauyuka ta ɓangarorin biyu. Ba a faɗa wa gari kai tsaye, sai ka fara gaida mai gari ka faɗi ko kai ɗan wane ne, ka ba da goro, a haɗa ka da wanda zai raka ka. Waɗanda suka ga zuwan Turawa da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya da jikoki nake samu, sai waɗanda suka yi ƙuruciya a shekarun 1940 lokacin da aka tsananta iyakar saboda Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai bin Jamus, Najeriya kuma tana yaƙi a gefen Ingila. Zama na farko ba ka samun komai sai sunayen sarakuna, sai ka koma ka sake komawa sannan tsoho zai ce ɗana kashe wannan abin naka in faɗa maka wata magana. Tsofaffin mata su suka fi ba ni labarin yunwa, Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da waɗanda suka biyo baya, wa ya tafi wa ya dawo wace yarinya aka aurar a ƙetare don a samu hatsi, abubuwan da rahoton kwamanda zai gama da su a layi biyu. Ba na ɗaukar maganar tsoho a matsayin wahayi, shi ma yana da wanda yake karewa, kamar yadda Di'o yake da shi, aikina in sa su su fuskanci juna in ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Rubutun kundin ya ɗauke ni shekaru, don ga koyarwa ga makin jarrabawa ga yajin aiki ga rashin wuta, yawancin babobin tsakanin sallar asuba da fitowar rana na rubuta su. Sai seminar sashe, sai difens na cikin gida, sai mai jarrabawa na waje. Tambayar da ta fi tsaya min a rai a ranar ƙarshe ita ce da aka ce min, to Malam, in dai mutane suna ƙetarawa yadda suka ga dama, iyakar ta yi aiki kenan ko ba ta yi ba? Amsar da na bayar ita ce har yanzu nake kai, iyakar ba ta hana tafiya ba amma ta sa tafiyar ta zama mai riba ko mai haɗari, ta haifi fasa ƙwauri da ɗan duwan, wato ɗan kwastan, da canjin kuɗi, sannan makaranta da kotu da aikin gwamnati suka yi a hankali abin da alamomin Tilho ba su iya yi ba. Gyaɗar Maraɗi ta Kano take bi zuwa teku har sai da Faransawa suka ƙirƙiro shiri na musamman a shekarun 1950 don karkatar da ita ta Dahomey, Jamhuriyar Benin ta yanzu, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka.

Bayan an kira ka dakta sai wani tsanin ya fara, daga lakcara zuwa babban lakcara zuwa sama, kowane mataki da adadin maƙalun da ake so ka buga a mujallu, a aika wa masana su tantance ba tare da sun san ka ba, su dawo maka da gyara wani lokacin mai zafi. Na ci moriyar wannan sosai, musamman daga masu tantancewa na ɓangaren Faransanci da suke nuna min ayyukan malaman Nijar da Senegal da ba sa zuwa ɗakunan karatunmu. Abin takaici ne a ce malamin tarihi a Zariya ko Sakkwato ya fi sanin abin da aka rubuta a Landan a kan wanda aka rubuta a Yamai.

Koyarwa kuwa ita na fi so. Kwas ɗin da nake ɗauka ba a kan Najeriya da Nijar kaɗai ya tsaya ba, dole ɗalibi ya san Lugga ya yi soja a Indiya ya yi aiki a Yuganda kafin ya zo mana, kuma darasin da Ingila ta ɗauka daga boren Indiya na 1857 shi ne ta riƙe sarakuna kusa, su kuma hafsoshin Faransa da tunanin Aljeriya da suka fara ci tun 1830 suke kallon duk wani malami mai ɗarika. Muna bi ta rabon ƙasashen Larabawa na Sykes da Picot a 1916, da rabon Kamaru bayan an kori Jamus har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, da kayen da Faransa ta sha a Dien Bien Phu ta Vietnam a 1954, da Suez a 1956 inda su biyun suka haɗu suka sha kunya tare, da ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, wadda Djibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba a Nijar suka ce a'a aka bi duk hanyar da za a bi aka kayar da su. Yawancin yaran suna zuwa ne ba su taɓa yin tarihi a ƙaramar sakandare ba saboda shekarun da aka cire shi daga manhaja, wasu ma ba shi suka nema ba aka tura su, to ba na fara musu da bayani, takardu biyu nake raba musu, rahoton Razdan da rahoton kwamanda a kan abu ɗaya wanda na fassara, in ce ku gaya min wa ke ɓoye me. Aji mai mutum sama da ɗari sai ka ji ya kaure da gardama, in akwai ɗaliban Nijar a ciki kuwa abin ya fi armashi, don kowa da abin da kakarsa ta gaya masa.

Akwai lakca ɗaya da nake yi kowace shekara a kan abin da ba ya cikin ma'ajiya. A 2011 shari'ar tsofaffin 'yan Mau Mau na Kenya ta tilasta wa gwamnatin Ingila ta amsa cewa tana ɓoye da dubban fayiloli da ta kwashe daga ƙasashen mallaka a wani wuri da ake kira Hanslope Park, ban da waɗanda aka ƙone kafin a sauke tuta, yanzu suna Kew a jerin FCO 141, kuma a 2013 ta biya diyyar fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228. Ta ɓangaren Faransa kuma har yau ana jayayya a kan adadin sojojin Afirka da aka harbe a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu. Ina so ɗalibina ya shiga ma'ajiya da sanin cewa wani ne ya zaɓi abin da zai gani.

Yanzu nima ina duba ɗalibai masu digiri na biyu da na uku, kuma duk wanda ya zo min da maganar iyaka ko ta Faransawa sharaɗin da aka gindaya min shi nake gindaya masa, ya je ya koyo harshen, in da hali ya ƙara da karatun ajami don wasiƙun sarakuna. Hotunan da na ɗauko daga Dakar da Aix da Kew duk na zuba su a kwamfutar sashe da lambobinsu don wanda ba zai samu biza ba ya samu abin farawa. Rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 ya tsayar da aikin wata ɗalibata da ke bincike a kan kasuwancin mata tsakanin Daura da Matamai, sai ta waya ta riƙa yin wasu hirarrakin, yanzu da hanya ta buɗe ta koma. Ni kuma aikin da ke gabana shi ne tuɓe Sarkin Damagaram na 1906, na karanta abin da Faransawa suka rubuta na karanta abin da Razdan na Kano ya ji ya aika sama, saura in je Zinder in zauna da zuriyar fadawa da malaman birni in ji nasu, kuma takardar neman izini tana hannun abokin aikina a Yamai.